Tafki Biyu a Bakin Sawakin: Yadda Cunkoso Ya Hana Kifin Arabi Girma

Kawuna masunci ne tun tasowarsa. A Mai Wurno aka haife shi, garin nan na bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma ruwan da ke kwance a bayan madatsar Sinnar shi ne gonarsa shekara da shekaru. Ya san karfasa, wadda a nan ake ce wa bulti, ya san tarwada da giwan ruwa kamar yunwar cikinsa. Da yaƙi ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024, Sinja ta faɗi, sai ya kwashi iyali suka bi ta Gadarif da Kasala har Bursudan, inda nake zaune. Mutumin da bai taɓa wuni ba tare da ya jiƙa ƙafa ba ya koma zaman tabarma a gidan haya. Ciwon wannan zaman ne ya haifi tafkunan da zan ba da labarinsu.

Ni kuwa na yi shekara biyu ina aikin ƙarfi a wata gonar kifi a Kafar Shek, can arewacin Masar. A can na fara sanin kifin da Misrawa ke kira buri, mu kuma a gaɓar Bahar Maliya muke ce masa arabi. Babu ƙasar da ta kai Masar kiwonsa a duniya, kuma yawancin irin da suke zubawa ba ƙyanƙyasarsa ake yi ba, kamo shi ake yi a bakin teku da mashigan tafkuna, domin a teku yake hayayyafa, 'ya'yan su taso su nufo gaɓa. Yana rayuwa a ruwan daɗi, yana rayuwa a ruwan gishiri. Ba ya farautar ɗan'uwansa. Abincinsa yana ƙasa: gansakuka, ruɓaɓɓen ganye, ƙananan halittun da ke manne a saman laka. Yakan kafa kai ya tsotsi lakar, ya tace, ya furzar da abin da ba ya so. Duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin abin da ya same mu.

Wani dattijo daga ƙabilar Bija ya ba mu hayar wani fili mai gishiri kusa da Sawakin, kimanin kilomita 60 kudu da Bursudan, fili ne da ko ciyawa ba ta fitowa. Tashar nan ce kakanninmu suke tsayawa su jira jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma kawu yakan ce wa zai yi zaton zuriyar alhazan ƙafa za su dawo nan suna haƙa rami don kifi. Muka haƙa tafki biyu, ko haud kamar yadda ake faɗa a nan, kowanne rabin faddan. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, ke nan kowane tafki 2,100, zurfinsa ya ɗan wuce mita guda. Muka shanya ƙasan, muka watsa kashin kaji, muka sako ruwa kaɗan har ya yi kore, sannan muka cika. Ɗaya muna ce masa na gabas, ɗaya na yamma. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, famfo ɗaya.

Akwai abu biyu game da wannan gaɓa da wanda ya saba da Nilu ba zai yi tsammani ba. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita guda, alhali na sauran bai cika wuce 35 ba. Idan ka tsare shi a tafki rana ta yi ta shanye shi, gishirin sai ƙaruwa. Sannan a daidai wannan yanki teku ba ta cika da janyewa sosai a kullum, balle ka buɗe ƙofa ta canza maka ruwa kyauta, kuma da bazara ma ƙara sauka take yi. Duk ruwan da zai shiga tafki sai famfo ya ɗago shi, famfo kuwa sai da gas.

Yadda aka zuba irin

Da sanyi muka sayi 'ya'yan kifi wajen samarin da ke kamo su da gidan sauro a bakin marsa, wato mashigar teku, muka raine su a wani ɗan rami daban har suka kai tsawon yatsa, nauyin giram 10 ko kusa da haka. A farkon Maris, azumi ya kama ke nan, na ƙirga 1,500 da hannuna na zuba a tafkin gabas. Ban ƙago wannan adadi ba. Shi na ga ana yi a Masar, kuma ya dace da abin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta game da kiwon buri shi kaɗai a tafkin ƙasa: kimanin 6,000 zuwa 7,500 a hekta, wato wajen 2,500 zuwa 3,100 a faddan. Kowane kifi yana da fili fiye da murabba'in mita guda.

Kawu ya tsaya a bakin tafkin ya daɗe yana kallo. Ruwan shiru, kamar ba a zuba komai ba.

"Yanzu ɗana, wannan uban ruwa, ɗan wannan kifin za ka sa masa?"

"Kawu, ba ruwan muke aunawa ba, ƙasan muke aunawa."

Bai ce komai ba, amma na san bai gamsu ba, kuma yana da dalilinsa. 'Yan'uwa daga Kano da Zariya suna turo masa hotunan kiwon tarwada a WhatsApp, tankin siminti ɗan ƙarami cike maƙil da kifi, ana watsa abinci ruwa na tafasa. Abin da ido ya gani ke nan. Sai dai tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, kuma duk abincinta daga buhu yake fitowa. Arabi ba shi da wannan gaɓa, kuma ko ana ba shi dusa, ginshiƙin cimarsa yana nan a ƙasan tafki.

Ina Bursudan wajen neman dusar alkama aka cika tafkin yamma. Samarin nan sun zo da iri mai yawa, sun karya farashi saboda babu mai saye a ranar, kawu kuma ya ce arziki ba ya zuwa ƙofar mutum ya kore shi. Ya haɗa da ragowar 'yan yatsan da ke ramin raino ya juye duka. Da muka lissafa da kwanon da aka yi awo da shi, kifin ya kai 6,000, kusan uku a kowane murabba'in mita, ninki huɗu na gabas. Kuma ba girmansu ɗaya ba: akwai mai giram 10, akwai wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Raina ya ɓaci, amma ba a yi wa babba faɗa a kan abin da ya riga ya faru, balle mutumin da ya baro gidansa da jirginsa. Na ce Allah Ya sa albarka, na sayi littafi da ƙaramin sikeli.

Abin da sikeli ya nuna

Duk mako biyu kawu yakan jefa birgi a kowane tafki, mu auna kifi talatin mu mayar. A wata na farko babu wani bambancin kirki, har kawu yana tsokanata cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiyarsa a lokacin, domin ƙananan kifi 6,000 ba su kai nauyin da zai dami tafki ba. Wannan shi ne tarkon cunkoso: ba ya nuna kansa da wuri. A ƙarshen Mayu na gabas sun kai giram 90, na yamma 50. A ƙarshen Yuli na gabas 220, na yamma 85, kuma awo biyu a jere lambar ba ta motsa ba.

Muna ba su radda, wato dusar alkama, da umbaz, tunkuzar gyaɗa, a kwaɓa su da ruwa a ajiye a gefe. Da kawu ya ga na yamma sun tsaya sai ya ƙara musu abinci. Wannan shi ne abin da kowane mai tausayi zai yi, kuma shi ya ƙara dagula lamarin. Manyan cikinsu su ke mamaye wurin cin, ƙananan su yi ta zagaye a baya. Abin da ya nutse ba a ci ba ya ruɓe. Wata rana na shiga kusurwar da ake zuba abincin, ƙafata ta nutse cikin baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da na matsa tsakiya na damƙo ƙasa, sai na ji ta a kankare, babu wannan santsi mai ɗan kore da ke lulluɓe ƙasan tafkin gabas. Sun lashe ta tas, kuma ba sa barinta ta sake tsirowa.

Ranar da kawu ya fara sauraro, ba da baki na shawo kansa ba. Na kamo kifi ɗaya daga kowane tafki na feɗe su a kan murfin jarka. Arabi yana da ƙundu kamar na kaza, ɗan dunƙule mai tauri da yake niƙa laka da shi, sannan hanji dogo a nannaɗe. Na gabas, ƙundunsa a cike da laka mai kore-kore, hanjin a ƙoshe daga farko har ƙarshe, ga farin kitse ya rufe shi. Na yamma, kai ya fi jiki, ciki a shafe, ƙundun ba komai sai 'yar yashi, hanjin kamar zare. Kawu ya ɗauki ƙundun ya murza tsakanin yatsunsa. Mutum ne da ya feɗe kifin da ba zai ƙirgu ba, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Wannan yunwa ce," in ji shi.

Amma kafin mu yanke shawarar abin yi, zafi ya riga mu. Tun watan Mayu, da jirage marasa matuƙi suka kai hari kan ma'ajiyar mai a Bursudan, gas ya yi wuya ya yi tsada, muka rage awannin famfo, kuma ba mu koma yadda muke ba har bazara ta tsananta. Zafin gaɓar nan a Yuli da Agusta yakan haura digiri 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, mai gishiri kuma ba ya riƙewa kamar na daɗi. Mu mun haɗa biyun. Da rana koren ruwa yana samar da iskar, da dare shi ma shaƙa yake yi, tare da kifi da ruɓaɓɓiyar lakar nan. Saboda haka lokacin da iska ta fi ƙaranci shi ne gab da asuba.

Wani dare a ƙarshen Yuli iska ta ɗauke ɗif. Ɗan kawu da ke kwana a bukkar gadi ya tashe mu kafin kiran salla. Da muka haska fitila, saman tafkin yamma duk bakuna ne, dubbai, a buɗe suna haɗiyar iska, kana jin ƙararsu kamar yayyafi a kan rufin kwano. Muka tada famfo da ɗan gas ɗin da ya rage, muka ɗaga bakin bututun sama don ruwan ya watsu, mu uku muka shiga muna dukan ruwa da faranti. Da gari ya waye muka tsame wajen 900 matattu, kuma abin takaicin, manyan ne suka fi mutuwa. Taku ashirin daga nan, tafkin gabas na kwance lafiya, ko ɗaya bai taso ba.

Daga baya na zauna da littafin na yi lissafi. A daren nan tafkin yamma na ɗauke da kifi mai nauyin kilo 450 ko kusa, na gabas kuwa bai kai 300 ba. Ashe na yamma ya riga ya kai iyakar abin da ƙasarsa da iskarsa za su iya ɗauka a wannan zafi. Shi ya sa awo ya tsaya. Tafki ba ya ƙirga kawuna, nauyi yake ji, kuma idan nauyin ya cika, kowane kifi sai ya tsaya a inda yake.

Wa za a cire?

Kowa ya yarda a rage. Inda muka saɓa shi ne waɗanda za a cire. Kawu ya ce a kwashe manya a sayar, a samu kuɗin gas, ƙanana su samu sarari su taso. Wannan hikimar masunta ce, kuma da karfasa ce ko tarwada, da ban yi musu ba. Abin da ya sa na dage shi ne, da na duba ƙananan da kyau na ga da yawansu ba yunwa kaɗai ta hana su girma ba, jinsinsu ne daban. Duk arabi ake ce musu a kasuwa, amma ba ɗaya suke ba. Buri na ainihi yana da faffaɗan kai shafaffe, da wani farin kitse da ke rufe gefen idonsa. Akwai kuma wani mai ɗan tudu mai kaifi a gadon baya gaban ƙaya, wanda Misrawa ke kira sahliya, shi ko shekara nawa zai yi ba ya zama babba. Suna ƙanana sosai sai gwani ke bambance su, shi ya sa irin da aka kamo a teku aka juye kai tsaye yake zuwa a gauraye. Na ramin raino na riga na tsince su kafin in zuba a gabas. Na yamma ba wanda ya tsince.

Na jera masa biyar-biyar a kan tabarma ya shafa bayansu da yatsa. Ya ce, "To, a yi yadda ka ce, amma ba za a zubar da ko ɗaya ba."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Arabi ɗan tsalle ne, yana ganin taru ya matso sai ya bi ta sama, kuma ɓawonsa na saurin zuba idan aka damƙe shi da ƙarfi. Muka kwana muna ba tafkin sabon ruwa, da hantsi kafin rana ta yi zafi muka ja tarun a hankali, muka yi haka sau uku cikin kwana goma. Muka fitar da 2,000, nauyinsu duka kilo 140. Inna, matar kawu, ta karɓe su. Itacen banda yana da tsada a gaɓa, gishiri kuwa ga shi nan ana haƙowa a kusa, sai ta yi fasik da su, wato kifin da ake jibge wa gishiri a ajiye. A gida da kifin kas da kawara take yi, kamar sauran matan bakin Nilu, amma na gaya mata a Masar da buri ake yin na bikin Shammun Nasim. Ta sayar wa mata 'yan gudun hijira irinta, kuɗin ya sayi gas na wasu makonni. Muka kuma rage abinci, muka sauya wurin zuba shi, muka kwashe baƙar lakar da bokiti.

Awo na biyu bayan ragewar, lamba ta motsa. Wannan ne ya tabbatar mini cunkoson shi ne babban ciwon, ba gishiri ko zafi kaɗai ba, domin zafin Agusta yana nan, gishirin yana nan, abin da ya canza kawai yawan bakin da ke kan ƙasar.

A Nuwamba muka kwashe duka biyun. Gabas ya ba da kifi kusan 1,200, kowanne ya doshi rabin kilo, jimla kilo 560. Bai kai na Masar ba, inda buri kan kai kashi uku cikin huɗu na kilo har zuwa kilo guda a wata bakwai ko takwas, amma su ruwansu gauraye ne da na daɗi, ƙasarsu kuma lakar Nilu ce. Yamma ya ba da 2,300 masu giram 230, kilo 530. Sauran da ba mu gani ba, zalɓe da sauran tsuntsayen gaɓa sun san inda suka shiga. Idan ka haɗa da waɗanda Inna ta sa wa gishiri, yamma ya fitar da kilo 670, ya ɗara gabas da fiye da kilo 100.

Kawu ya riƙe wannan lambar, kuma haƙƙinsa ne ya riƙe ta. Amma a kasuwar kifi ta Bursudan aka raba gardama. A lokacin garin ne mazaunin gwamnati na wucin gadi, ya cika da baƙi da gidajen abinci, kuma masu gidajen abincin kifin da zai cika faranti suke nema. Na gabas, dillali ɗaya ya kwashe su tun ba a gama sauke ƙanƙara ba. Na yamma muka wuni da su ana tayawa, kilonsu bai kai rabin kuɗin na gabas ba, ragowar da yamma ta yi muka sayar a tsibi-tsibi. Ga shi tafkin yamma ya ci irin da ya ninka sau huɗu, ya ci radda da umbaz fiye da ninki biyu, kuma shi ya sha mafi yawan gas. Gabas ya biya hayar fili ya bar riba. Yamma da ƙyar ya mayar da abin da aka zuba masa.

Ba na so a karanta wannan a ɗauka cewa ƙarancin kifi kullum shi ne daidai. Wanda ya sa 500 a rabin faddan zai samu manya, amma ya bar ƙasa tana tsiro da abincin da ba mai ci, haya kuwa ba za a rage masa ba. Wanda kuma yake da injin kaɗa ruwa da hasken rana, da abinci na buhu mai kyau, zai iya haura abin da muka sa a gabas. Akwai ma magana mai nauyi da Inna ta faɗa, cewa masu sayen ƙananan nan su ne mutanenmu, waɗanda ba za su iya sayen kifin rabin kilo ba. Na yarda da ita har zuciya. Sai dai wanda zai yi kiwo domin wannan kasuwa ya kamata ya shirya mata tun farko: ya zuba da yawa da niyyar kwashe rabi a watan Mayu ko farkon Yuni, kafin nauyi ya cika, kafin zafi ya sauko. Mu ba shiri muka yi ba, asubar nan ce ta tilasta mana, bayan ta ɗauke manyan da suka fi daraja, waɗanda suka tsira kuma sun riga sun yi asarar wata biyu na girma da ba su sake kamowa ba.

Da sanyi ya shigo samarin marsa suka dawo da bokitansu. Kawu ne ya tare su. Duk abin da ya saya ramin raino ya nufa, ya ce ba mai shiga babban tafki sai ya kai yatsa, sai an shafa bayansa. Ya samo tsohuwar rariya ya faɗaɗa ramukanta don ware ƙanana, ya yanko igiya yana ƙulla ƙulli ɗaya a kan kowane ɗari. Ya ce gabas 1,500 kamar bara. Yamma kuwa yana so a sa 2,500, a cire dubu kafin Babbar Salla a ba Inna, kuma kuɗin fasik ɗin farko na faifan sola ne. Mun riga mun zubar da ruwan yamma, ƙasan tana shan rana, ta fara tsattsagewa.